Lambu a Cikin Ruwa: Yadda Za Ka Haɗa Masa Fitilar LED da Hannunka

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a rage shi a hankali)

Yau maganarmu a kan akwatin gilashin nan ne da ake kiwon ƙananan kifaye na ado a cikinsa, irin wanda ake gani a falo ko ofis ko ɗakin jiran likita. Sai dai ba wanda aka jera wa furannin roba muke nufi ba. Muna nufin wanda aka dasa wa tsirrai na gaskiya, masu saiwa da ganye, suna tofo suna girma a ƙarƙashin ruwa. Irin wannan akwati lambu ne, kuma lambun da ke cikin ɗaki ba shi da rana sai wadda ka rataya masa. Wannan rana, wato fitilar LED, ita ce za mu koyi haɗawa yau, da kayan da ake samu a shagon masu kayan lantarki. Wanda ke da biro da takarda ya matso da su kusa, akwai lissafi a gaba.

Wannan sana'a ta daɗe. Tun a shekarun 1930 mutanen ƙasar Holan suka shahara da jera tsirrai layi-layi a cikin akwatin kifi, har ana kiran salon da sunan ƙasarsu. Daga baya wani mai ɗaukar hoto ɗan ƙasar Japan, Takashi Amano, ya zo da nasa salon, inda yake haɗa duwatsu da itace da tsirrai su ba da kamannin daji ko gefen tsauni. A 1982 ya kafa kamfaninsa na Aqua Design Amano, kuma a 2015, shekarar da ya rasu, aka buɗe babban aikinsa a gidan kallon halittun ruwa na birnin Lisbon a ƙasar Fotugal: akwati mai tsawon mita 40, mai cin ruwa lita 160,000. Namu na falo bai fi lita 50 ko 60 ba, amma dokar da ke tafiyar da wancan ita ke tafiyar da wannan.

Dokar kuwa ita ce: fitila mai kyau ita ce wadda ta yi daidai da bukatar tsirran da ke ƙarƙashinta. Wadda ta fi kowacce haske ba ita ce gwana ba. Yawancin masu haɗa fitila a gida nan suke zamewa. Mutum ya ga ƙwayayen LED da araha, sai ya jibga su har akwatin ya koma kamar filin ƙwallo da dare, bayan mako biyu ruwa ya koma kore shar, gansakuka ta rufe gilashi ta shaƙe ganyaye. Duk abin da za mu faɗa yau yana komawa ne ga wannan magana ta daidaito.

(Gajeren kiɗa)

Bari mu fara da tambayar abin da tsiro yake yi da haske. A cikin kowane koren ganye akwai wani sinadari da masana ke kira kulorofil. Shi ne ke kama haske, ya yi amfani da ƙarfinsa ya haɗa ruwa da iskar kabon, wato iskar da mu da kifaye muke fitarwa in mun yi numfashi, ya mayar da su sukari, abincin tsiro ke nan. Abin da ya rage daga wannan aiki shi ne iskar oksijin. A akwatin da komai ya zauna daidai, da ido za ka ga aikin. Sa'o'i kaɗan bayan kunna fitila, ka kara fuskarka kusa da gilashi ka dubi bayan ganye. Za ka ga 'yan ƙananan ƙwayoyin iska sun yi jere a gefensa, suna ƙyalli, suna kumbura sannu a hankali, sai ɗaya ta saki ta tashi sama, wata ta biyo ta a layi ɗaya. Wannan oksijin ne tsiron ya fitar har ruwan ya ƙoshi ya kasa shanyewa.

Farin hasken da muke gani gamin launuka ne, waɗanda ke bayyana a bakan gizo. Kulorofil ya fi kama biyu daga ciki, shuɗi da ja. Kore kuwa wani kasonsa yana dawowa idonmu, shi ya sa muke ganin ganye kore. Idon ɗan Adam kuma akasin haka yake, kore ya fi gani da ƙarfi. Saboda haka fitila tana iya kashe maka ido da haske amma tsiro bai ƙoshi da ita ba. Ruwa ma yana da nasa hali, jan haske yake fara shanyewa kafin shuɗi. A akwatin da zurfinsa bai wuce santimita 30 zuwa 40 ba wannan ba abin damuwa ba ne. In ya haura 50 ko 60, to sai an ƙara ƙarfin fitila kafin haske ya isa ƙasa.

Me ya sa LED ta dace da wannan aiki? Tarihinta ne ya ba da amsa. A 1962 Nick Holonyak na kamfanin General Electric a Amurka ya ƙera LED mai jan haske. Aka yi shekaru kusan 30 ana neman shuɗiya mai ƙarfi ba a samu ba, sai a farkon shekarun 1990 masana uku 'yan asalin Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, suka cim ma ta, abin da ya sa aka ba su kyautar Nobel a 2014. Farar LED da ke cikin tocilanka da ƙwan ɗakinka, a gaskiya shuɗiya ce aka shafa mata wani sinadari rawaya. In ka dubi ƙwayar a kashe za ka ga ɗigon rawayan nan. Shi ke karɓar wani kaso na shuɗin ya mayar da shi kore da rawaya da ja, gamin ya fito fari. Ka ga ke nan farar LED tun daga masana'anta ta zo da shuɗin da tsiro ke so, da ɗan ja gwargwado. Ga ta ba ta cin wuta sosai, ga ta ba ta dafa ruwa kamar tsofaffin ƙwayaye, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai akwati a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu, tunda yawancin tsirran nan sun fi jin daɗin ruwa mai ɗumin digiri 22 zuwa 28.

In ka je saye, lambobi uku za ka duba a jikin kwali. Ta farko tana da harafin K a ƙarshe, ita ke faɗin launin farin. 3000K fari ne mai ja-ja irin na fitilar ƙwai, 6500K fari ne tas irin na hantsi. Nemi 6500K, ko abin da ke tsakanin 5000K da 7000K. Ta biyu ita ce lumen, ma'aunin yawan haske. Ta uku wat, ma'aunin cin wuta. In ka ga an rubuta CRI ko Ra da lamba 80 ko sama da haka, alama ce launin kifi da ganye zai fito yadda yake. Wanda ya kai 90 ya fi kyau, don yawanci janshi ya fi yawa.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, yanzu sai lissafi. Kafin ka san yawan hasken da za ka haɗa, sai ka san wa za ka ciyar, don tsirran ruwa iri-iri ne.

Akwai masu son inuwa. Sarkinsu shi ne Anubiyas, kuma ɗan gida ne. Asalinsa rafukan dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, har da kudancin Najeriya da Kamaru, inda yake manne wa duwatsu da saiwoyin bishiyoyi a ƙarƙashin inuwa. Nau'insa da ya fi yaɗuwa a duniya an raɗa masa sunan Charles Barter, Baturen Ingila masanin tsirrai da ya biyo wata tawagar bincike a kogin Kwara a 1857. Ganyensa kauri gare shi, kore mai duhu, kuma ba ya gaggawa, sai ya yi makonni kafin ya fitar da sabon ganye ɗaya. Ba a binne kararsa a ƙasa, ɗaure shi ake yi a jikin dutse ko itace da zare. A sahunsa akwai Bolbitis, shi ma ɗan Afirka, da tsiron Jaba mai dogon ganye daga Asiya, da Kiriftokorin. Sai masu matsakaiciyar bukata, cikinsu har da ɗan'uwan badon tafkunanmu mai jan ganye da ɗige-ɗige, wanda ake sayarwa a shagunan kifi na Turai. Sai kuma masu kwaɗayin haske, irin jajayen tsirrai masu siririn ganye da 'yan ƙananan nan masu shimfiɗa a ƙasa kamar darduma.

Kamfanin Tropica na ƙasar Denmak, wanda ya shahara wajen renon tsirran ruwa, ya ba da ma'auni mai sauƙin riƙewa. Masu son inuwa, lumen 10 zuwa 20 ga kowace litar ruwa. Matsakaita, 20 zuwa 40. Masu kwaɗayi, sama da 40. Na sake faɗa domin masu rubutu: 10 zuwa 20, sai 20 zuwa 40, sai sama da 40.

Mu ɗauki akwati mai tsawon santimita 60, faɗi 30, zurfi 30. Ka ninka ukun, ka raba da 1,000, ya ba ka lita 54. In lumen 20 kake so ga kowace lita, jimla ta kama 1,080. To, kintinkirin LED ɗin nan da ake ƙawata silin da shaguna da shi, mai aiki da bolt 12, nau'in da aka rubuta wa 5050 mai ƙwaya 60 a mita ɗaya, yana cin wat 14 da ɗoriya a kowace mita, kuma mai kyansa yana ba da lumen wajen 800 zuwa 1,000. Layi biyu masu tsawon santimita 55 kowanne sun haɗa mita 1 da santimita 10, sun kai ka kusa da abin da kake nema, da cin wutar da bai fi wat 16 ba. Layi uku za su shigar da kai sahun matsakaita, da wat 24. Shawarata ga mai farawa: haɗa layi uku, ka sa musu abin rage haske, ka fara daga rabi. Kuma ka sani lambar da ke jikin kwalin kaya mai araha takan yi ƙari, araha ba ta ado.

Ga kayan da za ka tanada. Kintinkirin LED fari 6500K, mita 2. Adafta mai ba da bolt 12. Ƙarfinta kuwa, raba wat da bolt: 24 a raba da 12 ya ba da amfiya 2, sai ka sayi mai amfiya 3, don adaftar da ke aiki a iyakar ƙarfinta kullum ba ta daɗewa. Sai ƙaramin abin rage haske na bolt 12, wanda masu shago ke kira dima. Sai agogon kunnawa da kashewa, wato taima. Sai sandar alminiyam mai kwari a tsakiya, tsawon akwatinka, faɗinta kamar santimita 6 zuwa 8. Wannan ba sai ka wahala ba, wajen masu haɗa tagogin alminiyam za ka sami guntaye. Sai farar roba mai kama da gilashi da za ta rufe fuskar fitilar, da jar waya da baƙa, da dalma da ƙarfen narka ta, da gam ɗin silikon, da robar nan mai tsukewa in ta ji zafi, da mitar gwada wuta.

(Gajeren kiɗa)

To, bismillah, mu hau aiki.

Fara da yanka. In ka dubi kintinkirin da kyau, bayan kowace ƙwaya uku akwai layi mai hoton almakashi, da ɗigon jan ƙarfe a kowane gefensa. Nan kaɗai ake yankawa. In ka yanka a wani wuri, ƙwaya ukun da ke wannan gaɓa sun mutu. Yanko guda uku masu santimita 55.

Sai ka goge cikin alminiyam ɗin da sifirit har maiƙo da ƙura su fita, ka bari ya bushe. Ɓare takardar bayan kintinkirin kaɗan-kaɗan kana mannawa, kana danna tsakanin ƙwayoyin da yatsa, ba kan ƙwayoyin ba. Bar tazarar santimita 1 ko 2 tsakanin layi da layi. Kada wani ya ce zai manna a jikin katako ko roba don sauƙi. Alminiyam ɗin nan ba don ado aka sa shi ba. LED ba ta fitar da zafinta ta gaba, ta baya take fitarwa, kuma in zafin bai sami inda zai bi ba, haskenta zai riƙa dusashewa wata bayan wata har ta mutu tun kwananta bai ƙare ba. Gam ɗin da ya zo a bayan kintinkiri kuma ba abin dogara ba ne, zafi da laima suna sa shi ya saki. Ɗiga silikon a kan iyakokin kowane layi da tsakiyarsa, a inda babu ƙwaya.

Yanzu dalma, kuma a nan ake gane hannu. Fara shafa 'yar dalma a kan ɗigon jan ƙarfen shi kaɗai, ka shafa wa bakin wayar ita ma. Sannan ka ɗora wayar a kan ɗigon, ka taɓa su da bakin ƙarfe daƙiƙa 2 ko 3, ka ɗage, ka riƙe wayar kada ta motsa har dalmar ta daskare. Haɗi mai kyau sumul yake yana sheƙi, ya kwanta a jikin wayar. In ka ga ya dunƙule ya yi toka-toka, bai kama ba, sake shi. In kuwa ka daɗe da ƙarfe a wurin, ɗigon jan ƙarfen zai ɓalle daga kintinkirin gaba ɗaya. Jar waya tana zuwa inda aka sa alamar ƙari, baƙa inda aka sa alamar ragi. Kowane layi ka jawo masa wayarsa daga tushe ɗaya, jajaye su haɗu wuri guda, baƙaƙe wuri guda. Kada ka bar wuta ta ratsa layin farko kafin ta isa na biyu da na uku, in ba haka ba na ƙarshe zai fi sauran duhu. Ka kuma tabbata babu tsirarar waya ko dalma da ke taɓa alminiyam. Sa guntun tef a ƙarƙashin kowane haɗi, ka gwada da mita.

Kafin ka rufe komai, gwada a kan tebur, nesa da ruwa. Adafta zuwa dima, dima zuwa fitila. In ba ta kama ba, yawanci wayoyin ne aka juya, musanya su. In ta kama, ƙure dima ka bar ta sa'a guda, sannan ka ɗora tafin hannu a bayan alminiyam. Ɗumi ba laifi ba ne. Amma in ba ka iya barin hannunka daƙiƙa 10, zafin ya yi yawa: ko ka sami alminiyam mafi faɗi, ko ka rage haske, ko ka ɗaura ƙaramar fankar kwamfuta mai bolt 12 a bayansa.

In gwaji ya yi kyau, rufe duk haɗin dalma da silikon, ka sa farar robar a fuska, ka toshe gefunan. Wani zai ce me zai hana a sayi kintinkirin da aka riga aka lulluɓe da roba don ruwa? Ana iyawa, amma lulluɓin mai araha yana riƙe zafi, kuma da daɗewa yakan koma rawaya ya cinye haske. Tsirara a cikin rufaffen alminiyam ya fi ƙarko. Daga nan sai ka yi mata ƙafafu ko ka rataye ta, santimita 5 zuwa 10 sama da ruwa, a ɗaure ta yadda ko yaro ya ture ta ba za ta faɗa ciki ba.

Ga waɗanda hannunsu ya faɗa a aikin lantarki, akwai hanya ta biyu, ta manyan ƙwayoyi masu wat 1 ko wat 3 da ke zuwa a kan ɗan faranti mai siffar tauraro. Su ba a ba su adaftar bolt 12 kai tsaye. Suna bukatar direba mai tsayar da yawan wutar da ke ratsa su, miliamfiya 350 ga masu wat 1, 700 ga masu wat 3. Jere ake haɗa su, ragin wannan zuwa ƙarin na gaba. Kowace fara tana ɗaukar bolt 3 da 'yan kai, saboda haka guda 6 suna neman direban da ke ba da wajen bolt 20. A shafa man ɗaukar zafi a ƙarƙashin kowacce, kuma kada a taɓa haɗa su da direba alhali yana kunne. Haskensu ya fi ratsa zurfi, kuma ana iya cusa ja ɗaya ko biyu a tsakani domin launin jajayen tsirrai ya fito. Amma ga ƙaramin akwati, kintinkiri ya wadatar.

(Gajeren kiɗa)

Jama'a, ku ba ni hankalinku a nan, don maganar rai ce. Wutar soket ɗinmu bolt 230 ce, kuma ita da ruwa ba sa ga maciji. Dalilin da ya sa muka zaɓi bolt 12 ke nan: abin da ke saman ruwa ya zama mara haɗari, mai haɗarin kuma, wato adafta da soket, su zauna nesa, a ɗage daga ƙasa, inda ruwa ba ya fantsama. Kowace waya da ta fito daga akwati, a bar ta ta sauko ƙasa da soket tukuna sannan ta hau zuwa gare shi, don in ɗigon ruwa ya biyo ta ya zube a gwiwar, kada ya shiga soket. Kafin ka tsoma hannu a ruwa, zare duk abin da ke jone da wutar gida. Kuma kada a rataya ƙwan ɗaki a tsirara bisa akwati, musamman a gidan da ke da yara.

Mai sola kuma yana da riba a nan, tunda fitilar bolt 12 tana iya shan wuta daga batir ba tare da inbata ba. Wat 16 na sa'a 8 bai wuce 128 a ma'aunin wat na sa'a ba, a wata bai cika yunit 4 ba. Amma akwai tarko. Batirin da ake kira na bolt 12 yakan haura 14 in rana tana cajinsa, kuma wannan ɗan ƙarin yana iya sa wutar da ke ratsa ƙwayoyin ta kusa ninkawa, su yi zafi su ƙone da wuri. Sa ƙaramar na'urar daidaita bolt a tsakani, ka saita ta a 12 ko ƙasa kaɗan, ka kuma sa fis kusa da batir. Taima ma a zaɓa da lura. Mai juyawa kamar agogon bango yana tsayawa duk lokacin da aka ɗauke wuta, sai lokacinsa ya rikice. Nemi mai lambobi wanda ke da ɗan batirinsa a ciki. In kuma an yi kwana biyu ko uku babu wuta, kada hankali ya tashi, lafiyayyen tsiro yana jure hakan.

To, fitila ta haɗu. Yaya za a yi amfani da ita? Tsiro abu uku yake bukata tare: haske, iskar kabon, da taki. Tun a ƙarni na 19 masanin nan Bajamushe Justus von Liebig ya yaɗa ƙa'idar cewa girman tsiro yana tsayawa ne a kan abin da ya fi ƙaranci a cikin bukatunsa, komai yawan sauran. A cikin ruwa, abin da ya fi ƙaranci kusan kullum iskar kabon ce, don tafiyarta a ruwa ta fi ta cikin iska nawa wajen sau 10,000. Haske kamar wutar murhu yake. In tukunya na da ruwa da tsaki, iza wuta na gaggauta dahuwa. In babu, ƙonewa kawai za ta yi. Masu akwatunan gasa da ke ƙure haske suna da tulun gas da ke busa kabon a ruwa har miligram 20 zuwa 30 a lita. Kai da ba ka da shi, hasken da ya wuce abin da tsirranka za su iya sarrafawa gansakuka ka dafa wa.

Don haka a watan farko sa'a 6 a rana ta isa, dima a rabi. In tsirrai sun kama, a ƙara rabin sa'a duk mako har a kai 8. Lokaci ɗaya kullum. Da dare a kashe, don kifi ba shi da fatar ido, duhu ne hutunsa. Kada kuma a ajiye akwati inda rana ke faɗowa ta taga, ranarmu ta fi ƙarfin kowane lissafi da muka yi.

Daga nan tsirran ne za su riƙa ba ka labari. In kara na miƙewa siriri, tazarar da ke tsakanin ganye da ganye na ƙaruwa, ganyen ƙasa na zubewa, haske ya yi kaɗan. In ka ga korayen ɗige-ɗige masu tauri a gilashi da kan ganyen Anubiyas, ko zare-zare kamar gashi, ko ruwa ya fara kore, ya yi yawa. Rage sa'a ɗaya ko ka sassauta dima, ka canza kashi ɗaya cikin uku na ruwan duk mako, ka rage abincin da kake zuba wa kifi. Kainuwa ma tana taimako: 'yan ƙanananta biyu ko uku a saman ruwa suna yin inuwa, saiwarsu kuma na tsotse takin da ya yi yawa. In daga tafki ka ɗebo ta, wanke ta ka ware ta a bokiti na wasu kwanaki saboda katantanwa da matsattsaku. Kuma abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a jira mako biyu a ga sakamako. Wanda ya canza abu uku rana ɗaya ba zai san wanne ya yi magani ba.

(Kiɗan rufewa ya fara a ƙasa-ƙasa)

Masu sauraro, lokaci ya cim mana. Ga abin da za ku riƙe: ku auna litar akwati kafin ku je kasuwa, ku nemi fari 6500K, ku manna a alminiyam, ku tsaya a bolt 12, ku sa dima da taima, ku fara da kaɗan. Matasanmu masu gyaran waya da rediyo da haɗa sola, wannan aiki bai fi ƙarfinku ba, kuma mai kiwon kifin ado da ya sami fitilar da aka auna masa daidai da akwatinsa zai dawo ya kuma kawo wani. Wanda bai taɓa riƙe ƙarfen dalma ba, ya ɗauki lissafinsa ya kai wa mai gyara na unguwa, su zauna su haɗa tare, kada ya yi kasada da wuta.

(Kiɗan rufewa)